BA DUKA NE HAZO BA: Laccar Magatakarda Ga Jama'ar Badarawa

(Wannan ita ce laccar da Magatakardan reshen jam'iyyarmu ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Badarawa, Kaduna. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.)



Mun gode muku da kuka bar rumfunanku da teburanku kuka zo. Mun sani duk sa'a guda da ɗan kasuwa ya yi ba ya bakin kayansa hasara ce gare shi, saboda haka za mu yi ƙoƙari mu biya ku da magana mai amfani.

Kun saba jinmu a kan haraji, da kuɗin rumfa, da tsadar hatsi. Yau maganarmu a kan wani abu ne wanda ba a kasa shi a kasuwa, ba a auna shi da mudu, amma kowa a nan ya fi cinsa bisa tuwo. Watau iska. Baligi yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kwana guda, misalin durom 50 ke nan. Ruwa in ya gurɓace sai ka zubar ka ɗebo wani. Nama in ya yi wari sai ka mayar wa mahauci. Iska kuwa, wadda ta zo bakin hancinka ita za ka shaƙa, ko ka so ko ka ƙi.

To, wanda ya hau gadar Kawo da asuba cikin watan Disamba ko Janairu, ya dubi wajen Unguwar Dosa da Badarawa da Malali, zai ga wani abu toka-toka ya kwanta bisa rufin gidaje kamar an shimfiɗa bargo. In ka tambaya, kowa sai ya ce maka hazo ne. In yara suna tari dare duka, a ce hazo ne. In tsohuwa ta kasa numfashi, a ce hazo ne, daga Allah ya ke, sai haƙuri. Mahukunta kuwa sun ji daɗin wannan amsa ƙwarai, domin ba wanda zai kai ƙarar hunturu.

Abin da muka zo mu gaya muku shi ne, ba duka ne hazo ba. Kuma kuna iya gwadawa da kanku. Gobe da safe ku sami farin ƙyalle ku share teburin da ku ke kasa kaya. Ƙurar hunturu fara ce, ko ja-ja. In kun ga baƙi-baƙi a ƙyallen, to, wannan ba daga hamada ya zo ba. Sa'an nan ku shinshina iskar. Hazo ba ya warin leda, ba ya warin taya, ba ya warin baƙin mai.

RABON HAMADA DA RABON GARI

Gaskiya ne akwai hazo, ba mu musa ba. Mafi yawansa yana tasowa ne daga wani kwari a ƙasar Cadi da a ke kira Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Cadi. A zamanin da can babban tafki ne, ya ƙafe, ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar hunturu ita ke kwasarta ta biyo da ita ta kan Borno da Kano har ta iso mana. Wannan ba mu da iko a kansa, ba mu kuwa ɗora wa kowa laifinsa ba.

Amma akwai rabon da gari ya ke ƙarawa. Ku lissafa tare da mu. Hayaƙin manyan motoci da ke bi ta Kawo dare da rana zuwa Zariya da Kano. Hayaƙin tsofaffin bas-bas da Keke da babura a hanyar Ali Akilu. Janareta a bakin kowane shago, da na mai aski, da na mai cajin waya, da injin niƙa. Bola da a ke cinna wa wuta da magariba, da leda da roba da tsumma a ciki. Taya da a ke babbakar kai da ƙafa da ita. Itace da gawayi a gidajenmu. Ƙonon daji bayan girbi. Da ƙurar lungunanmu da ba su taɓa ganin kwalta ba.

Me ya sa abin ya fi muni da asuba cikin ɗari? Dalili shi ne, da dare ƙasa takan yi sanyi, iskar da ke kusa da ita ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a bisanta kamar murfin tukunya. Hayaƙin da aka yi tun magariba ba shi da hanyar tashi sama, sai ya kwana tare da mu a tsakar gida. Ba zai watse ba sai hantsi ya ɗaga. Ashe ke nan lokacin da yara su ke tafiya makaranta, mai ƙosai ta ke hura wuta, mai shayi ya ke kafa tebur, shi ne lokacin da iska ta fi kowane lokaci dauɗa.

MAƘIYI NA FARKO: LALLAUSAR ƘURA

Ƙura iri-iri ce. Mai kauri, wadda ido ya ke gani, gashin hanci da majina sukan tare da yawa daga cikinta, a fyace ta a huta. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ido ba ya gani. Masana suna kiranta PM2.5, mu kuwa bari mu kira ta lallausar ƙura. Sai ka jera wajen 30 daga cikinta kafin su kai kaurin silin gashi guda. Hayaƙin itace da na inji da na bola kusan duka irinta ne, akwai ta kuma cikin hazo.

Saboda ƙanƙantarta ba mai tare ta. Takan wuce hanci, ta wuce maƙogwaro, ta gangara can ƙarshen huhu inda iska ke saduwa da jini, mafi ƙanƙantarta ma har cikin jinin ta ke shiga. Ba ta kayar da mutum ran nan da nan. Aikinta irin na gara ne, tana ci daga ciki, azara tana tsaye, sai wata rana a ga ɗaki ya rufta. Likitoci sun tabbatar tana da hannu cikin ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da asma, da ciwon haƙarƙari na yara, da haihuwar jarirai marasa nauyi. A shekarar 2013 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa gurɓatacciyar iska cikin jerin abubuwan da ke kawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 7 ke mutuwa kowace shekara saboda mugunyar iska, ta waje da ta cikin gida.

MAƘIYI NA BIYU: OZON

Na biyun sunansa ozon. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda ya ji wani ƙauri mai kaifi yana sukar hanci, ya san ƙanshinsa. Can sama ƙwarai, nesa da inda tsuntsu ke kaiwa, ozon alheri ne, domin shi ke tace zafin hasken rana. A ƙasa kuwa, inda mu ke numfashi, dafi ne.

Abin mamaki game da shi, ba ya fitowa daga salansar mota ko bakin murhu. Dafa shi a ke yi a sararin sama. Kayan haɗin biyu ne. Na ɗaya, wata iska da injin mota da janareta da ƙonon daji su ke fitarwa. Na biyu, tururin fetur da fenti da makamantansu, irin warin da ku ke ji a gidan mai ko wajen 'yan bumburutu. Wutar dahuwar kuwa rana ce. Wani masani a birnin Los Anjalis na Amurka, Haagen-Smit, shi ya gano haka a farkon shekarun 1950, sa'ad da idanun mutanen garin su ke ta yaji ba a san dalili ba.

Saboda haka ozon ya fi yawa daga rana tsaka zuwa la'asar, musamman a kwanakin da rana ta ƙwalle kuma iska ta tsaya. Kun ga yadda maƙiyan nan biyu suka raba aiki ke nan: lallausar ƙura ta tare asuba da dare, ozon ya tare azahar. Yana ƙona hanyar numfashi kamar yadda rana ke ƙona fata, ya sa tari da ƙuncin ƙirji, ya tayar wa mai asma da ciwonsa. Har wa yau iska takan kwashe shi ta kai gefen gari, ya sauka a gonaki ya rage yabanya, musamman alkama da wake da waken suya. Watau manomin da bai mallaki ko keke ba yana biyan diyyar hayaƙin birni.

"AI KADUNA BA LEGAS BA CE"

In mun ɗaga wannan magana, sai wani mai babbar riga ya ce, ai wannan ciwon manyan birane ne, irin su Legas da Alƙahira, Kaduna kuwa masaƙun Kakuri ma sun rufe, ina hayaƙin zai fito? To, ga amsa.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin garuruwan duniya bisa yawan ƙurar da ke cikin iskarsu, mai kauri da mai laushi a haɗe. Garin da ya zo na ɗaya a muni shi ne Anaca, da awo 594. Kaduna ta zo ta biyar a duniya, da awo 423. Aba ta shida. Awon da hukumar ta ce kada a wuce a lokacin kuwa 20 ne kacal. Ku 'yan kasuwa ne, ku yi lissafin: mun ninka shi fiye da sau 20. Ku lura kuma, ba Legas a sahun gaba. Matsakaitan garuruwa ne irin namu.

Za su ce awon nan ya tsufa, kuma hazo ya shiga ciki. Mun yarda. To, su kawo sabo. Wanda ya ce mudunka ba daidai ba ne, ai nasa zai ajiye a gani.

Ba a ƙasarmu kaɗai ƙananan garuruwa suka sha wannan ba. A watan Oktoba 1948, a wani ƙaramin gari na Amurka mai suna Donora, mai mutum wajen 14,000, murfin nan da muka faɗa ya rufe hayaƙin masana'antu kwana biyar, mutum 20 suka mutu, dubbai suka kwanta. A 1993 masanan jami'ar Harvard suka buga sakamakon bin mutum fiye da 8,000 a garuruwa shida na tsawon shekara 14 zuwa 16. Suka tarar a Steubenville, garin da ya fi hayaƙi, mutuwa ta fi ta Portage, garin da ya fi tsabta, da kashi 26 cikin 100, bayan an cire lissafin masu shan taba. Da aka sake dubawa a 2006, aka ga inda hayaƙi ya ragu, mutuwa ma ta ragu. Wannan shi ne albishir a cikin maganar: ciwon yana jin magani. Landan ma sai da hayaƙin gawayin kwal ya kashe mutum dubu 4 ko fiye cikin Disamba 1952, kana aka yi dokar tsabtace iska a 1956.

Nan gida kuma mutanen Fatakwal sun wayi gari tun ƙarshen 2016 suna share baƙin toka daga gadajensu da hancin 'ya'yansu, har suka fito zanga-zanga a 2018. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

WA KE SHAN KASO MAI YAWA?

An ce iska ta kowa ce. Haka ne, amma ba a raba ta daidai ba. Mai hali yana fita daga gida mai itatuwa, ya shiga mota ya rufe gilas, ya sauka a ofis mai na'urar sanyi. Janaretansa yana can bayan katanga, bakin salansar yana kallon gidan maƙwabci.

Ku dubi namu. Mai tumatir tana zaune a ƙasa bakin titi, hancinta daidai da salansar mota, tun safe har magariba. Mai waina tana sunkuye kan murhu, da goyo a bayanta, yaron kuwa ya fi ta saurin numfashi, huhunsa bai gama ƙwari ba. Mai faci, da ɗan dako, da kwandasta, da mai tura baro, da almajiri mai jin ɗumin wutar bola, duk a cikin hayaƙi su ke neman abinci. In ciwo ya zo, wanda ya fi shaƙa shi ne kuma ba shi da kuɗin magani. Ranar da ya kwanta ba ciniki, ba albashi, ba fansho.

Kada kuwa wani ya ce talaka ne ya so. Wa ke son sayen fetur ya zuba wa janareta in da wutar lantarki? Wa ke son ƙona shara a ƙofar gidansa in da motar kwasa? Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, komai ya tashi, gidaje da yawa da suka koyi girki da gas sun jingine tukunyar sun koma gawayi da itace. Ba don sun manta daɗin gas ba ne.

Har man da aka riƙa sayar mana ma akwai labari. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan, Public Eye, ta tona yadda 'yan kasuwar Turai su ke haɗa wa Afirka ta Yamma mai mai yawan farar wuta, wanda ba su isa su sayar a ƙasarsu ba. A lokacin dokarmu ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan a man dizal, ta Turai kuwa kashi 10. Farar wutar nan in ta ƙone, lallausar ƙura ta ke zama. Dokar man fetur ta 2021 ta rage iyakar zuwa kashi 50. Madalla. Saura a riƙa aunawa a gidajen mai, a faɗa wa jama'a abin da aka gani.

ABIN DA MU KE NEMA

Ba alfarma mu ke roƙo ba. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kiyaye ruwa da iska da ƙasa da dazuzzukan Nijeriya. Tsarin Mulkin nan ya sa kwashe shara da kula da kasuwanni da tashoshin mota cikin aikin ƙaramar hukuma. Akwai hukumar tarayya, NESREA, tun 2007, da dokarta ta hana ƙone-ƙone a fili ta 2011, da ta ingancin iska. Jiha kuma tana da tata hukumar, KEPA. Ba doka muka rasa ba. Ga buƙatunmu biyar:

Na ɗaya, a kafa ma'aunin iska a Kawo, da Badarawa, da Babbar Kasuwa, da Kakuri, ya riƙa auna lallausar ƙura da ozon. A riƙa faɗin awon kowace safiya a rediyo da Hausa, kamar yadda a ke faɗin farashin hatsi, a kuma gwada shi da awon Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wanda ya ce lallausar ƙura kada ta wuce 15 a yini, ko 5 a shekara. Wannan ita ce uwar buƙatu, domin abin da ba a auna ba, ba mai biyan bashinsa.

Na biyu, kuɗin shara da a ke karɓa a kasuwa a ga aikinsa. A sa ranar zuwan mota, a rubuta a ƙofar kasuwa, kowa ya sani.

Na uku, a ba kasuwanni wuta tabbatacciya, ko ta hasken rana, domin janareta ɗari su yi shiru.

Na huɗu, duba hayaƙin motoci ya fara daga manyan motoci da na hukuma. Kada a mai da shi sabuwar hanyar tatsar mai Keke.

Na biyar, a sauƙaƙa gas da murhu mai tattalin itace ga mata masu sana'ar abinci, a ba masu babbaka abin da zai maye musu gurbin taya, a kuma dasa itatuwa a bakin hanya da makarantu, a shayar da su har su kama.

NAMU AIKIN

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Kada a hura wuta da leda. Kada a ƙona taya don jin ɗumi. A yi girki a fili da busasshen itace, a nisanta yara daga hayaƙi. A yayyafa ruwa kafin shara. Kada a kwana da janareta ko kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe, domin suna fitar da wata iska marar launi marar wari wadda ke kashe gida guda cikin barci. Rawani da gyale suna tare ƙura mai kauri, amma lallausar sai takunkumi irin N95, shi ma ba ya tare ozon. Mai asma ya rage aikin ƙarfi da rana tsaka. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti, kada a ce hazo ne.

Sa'an nan ga aikin reshe. Mun buɗe littafi a ofis. Kowane layi na kasuwa ya zaɓi mutum guda, mace ko namiji, ya riƙa rubuta ranar da motar shara ta zo da ranar da ba ta zo ba, da wurin da aka cinna wa bola wuta, da awa nawa aka sami lantarki. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya zo ya faɗa mu rubuta. Bayan wata uku mu ɗauki littafin nan, da sa hannun kowa, mu kai wa kansila da shugaban Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa da ɗan majalisarmu, cikin ladabi, da rana tsaka. Mutum guda a kan ce masa ya dawo gobe. Kasuwa guda ba a ce mata haka.

Duk wanda kuma ya zo neman ƙuri'arku, ko daga jam'iyyarmu ya fito, ku tambaye shi: ina ma'auninmu?

Hazon Bodele mun karɓa, Allah ya ba mu haƙurinsa. Wanda aka haɗa a Kaduna kuwa, a Kaduna za a warware shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana 'ya'yanmu, ya sa albarka a kasuwa.